Yadda Ake Auna Abin Da Babbar Gasar Wasanni Ta Kawo Wa Gari

Duk sanda aka tashi daga wata babbar gasa, abin da ke biyo baya sananne ne. A kira 'yan jarida, a ce gasar ta jawo wa jiha biliyoyin naira, ta kuma samar wa dubban matasa abin yi. Da wuya ka ji wanda ya ce a nuna masa yadda aka samo adadin. Wannan jagora na wanda aka ɗora wa samo adadin ne: jami'in ma'aikatar wasanni ko ta tsare-tsare, malamin jami'a da ɗalibansa, ɗan jarida, ko ɗan majalisar da ke son sanin inda kuɗin da ya sa wa hannu a kasafi ya shiga.

Kaduna ba baƙuwar irin wannan taro ba ce. Ta karɓi gasar wasanni ta ƙasa a 1977, ta sake karɓa a 2009. Filin wasa na Ahmadu Bello na cikin filayen da aka buga gasar ƙwallon ƙafa ta matasa ta duniya a 1999, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ga ƙwallon dawaki da ake yi a Dandalin Murtala, ga gudun famfalaki da aka fara a 2020. Gobe ma wani zai zo da takardar neman a ɗauki nauyin wata gasar, kuma zai zo da alƙaluma masu daɗin ji.

Tambaya ɗaya ce ke riƙe da aikin gaba ɗaya: da ba a yi gasar ba, me zai faru? Duk kuɗin da za a kashe a gari ko da gasa ko babu, ba na gasar ba ne. Abin da kake nema shi ne sabon kuɗi, wanda ya shigo daga waje saboda gasar, ya kuma zauna. Mafi yawan aikin ragewa ne, ba tarawa ba.

Shata iyaka, ka ɗauki alƙaluman kafin gasa

Fara da yanke yankin da kake aunawa, ka rubuta shi, kada ka sauya shi a tsakiyar aiki. Ga gasar cikin gari, abin da ya fi dacewa shi ne ƙananan hukumomi huɗun da birnin ya mamaye: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Chikun da Igabi. Da wannan iyakar, mutumin Zariya ko Kafanchan baƙo ne, kuɗinsa sabo ne. In kuwa jihar kake aunawa, ba baƙo ba ne, kuɗi ne ya fita daga aljihun dama ya koma na hagu. Tunda baitulmalin jiha ne kan ɗauki kaso mafi tsoka na hidimar, ka fitar da lissafi biyu, na birni da na jiha. Na jihar kullum ya fi ƙanƙanta, kuma shi ne ba a cika son bugawa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aƙalla wata 3 kafin gasa ka zaɓi masaukai 30 zuwa 40, daga manyan otal-otal zuwa ƙananan gidajen saukar baƙi, na arewacin kogi da na kudancinsa. Daga kowanne kana son abu uku: yawan ɗakuna, ɗakuna nawa aka kwana a ciki kowane dare, da nawa aka biya. Ka nemi na irin waɗannan makonnin a bara. A tashoshin Kawo, Mando da Television, ƙungiyar direbobi na da lissafin motocin da suka yi lodi kowace rana. Ka je da takardar gabatarwa ka gaida shugabannin tasha tukuna, domin yaron da ke riƙe da littafin ba zai buɗe maka shi ba sai da izininsu. Ka ƙara da adadin fasinjojin jirgin ƙasa a Rigasa da na filin jirgin sama.

Makon da za ka kwatanta da shi kada ya faɗa kan Sallah, Kirsimeti, kasuwar baje koli ta duniya, ko bikin yaye ɗaliban makarantar horar da hafsoshin soja, domin waɗannan kan cika masaukai ba tare da an buga ƙwallo ko ɗaya ba. In da hali, ka bi sawun masaukai 10 a wani garin da ba a gasar, kamar Jos ko Kano. Idan su ma cinikinsu ya tashi a makon, to ba gasarka ce ta tada na Kaduna ba.

Sai tsadar kaya. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari. A irin wannan yanayi, mai otal zai ce maka cinikinsa ya fi na bara da kashi 30, alhali ɗakunan da ya sayar ba su ƙaru ba. Shi ya sa ake ƙirga ɗaki, kwano da kujerar mota, ba naira kaɗai ba.

Ƙirga mutane, ba ƙirga shiga ba

Nan ne kuskure mafi girma yake. Mutum ɗaya da ya zo kallo kwana 5 ya shiga fili sau 5, amma mutum ɗaya ne, aljihu ɗaya gare shi. Adadin da ake samu a ƙofa na shiga ne. Sai ka raba shi da matsakaicin kwanakin da mutum ya zo kafin ka san mutane nawa ne.

In ana sayar da tikiti, ka ƙirga waɗanda aka yaga a ƙofa, ba waɗanda aka buga ko aka raba kyauta ba. Amma a nan gida sau da yawa buɗe ƙofa ake yi kowa ya shiga. To sai ka ajiye mutum 2 a kowace ƙofa da na'urar ƙirge ta hannu, ka ɗauki matsakaicin abin da suka samu. Ko kuma a riƙa ɗaukar hoton kowane ɓangaren kujeru duk bayan minti 30 a ƙirga daga baya. A fili buɗaɗɗe irin Dandalin Murtala ko gefen titin gudun famfalaki, auna faɗin wurin da jama'a suka tsaya, ka ninka da cunkoso: mutum 1 a kowace murabba'in mita in ana iya wucewa a sake, 2 in an matsu, 4 in har kafaɗa na gogar kafaɗa. Kada ka karɓi ƙiyasin mai sanarwa a lasifika.

Takardar tambayoyi

Amsoshi 385 sun isa su ba ka sakamakon da kuskurensa bai wuce kashi 5 sama ko ƙasa ba. In kana son ya sauko kashi 3, kana buƙatar kimanin 1,070. Amma ka lura, baƙi kake nema, kuma su ne 'yan tsiraru a fili. In 3 cikin 10 ne baƙi, sai ka tsayar da mutum kusan 1,300 kafin ka samu baƙi 385. Mazauna gari tambaya biyu ta ishe su a sallame su, baƙo ne ake zama da shi.

Kada mai tambaya ya zaɓi wanda ya ga dama, domin zai riƙa zuwa wurin sa'anninsa da masu sakin fuska. A ba shi doka: kowane mutum na 10 da ya wuce ƙofa. A raba aikin kan duk ƙofofi, duk kwanaki, safe da yamma, har da rumfar manyan baƙi da tsayuwar rana. A sa mata cikin masu tambaya, in ba haka ba amsoshin mata za su yi ƙaranci. Takardar ta kasance da Hausa da Turanci. Manhajar KoboToolbox kyauta ce ga irin wannan aiki kuma tana aiki ko babu intanet, abin da za ka gode masa ranar wasan ƙarshe lokacin da layi ya cushe.

Buɗe baki na da muhimmanci. Wani abu kamar haka: “Salamu alaikum Alhaji, sannu da zuwa. Bincike muke yi kan baƙin da suka zo gasa. Ba ma neman sunanka, kuma ba mu da haɗi da masu karɓar haraji. Minti 5 kawai, in ka ba mu dama.” In dattijuwa ce, Hajiya ko Mama. In bai yarda ba, a yi masa godiya, a rubuta cewa an samu wanda ya ƙi.

Tambayar farko ita ce “A ina kake zaune yanzu?”, a kuma rubuta ƙaramar hukuma. In ka ce “Ɗan ina ne kai?”, mutumin da ya shekara 30 a Tudun Wada zai ce maka shi Bakatsine ne, ka shigar da shi layin baƙi. Sai waɗannan biyu, waɗanda su ne ke tace lissafin: “Da ba a gasar, da ka zo Kaduna a wannan makon?” da “Dama kana da niyyar zuwa wani lokaci, sai ka matso da tafiyar?” Wanda ya zo ɗaurin aure ko duba mara lafiya ya leƙo fili, kuɗinsa ba na gasa ba ne, sai dai in ya ƙara kwana saboda ita, a lissafa ƙarin kwanan kaɗai. Wanda ya matso da tafiyar watan gobe zuwa yau, shi ma a cire shi, domin watan gobe ba zai zo ba.

Wajen kuɗi, ka tambayi na jiya kawai, kashi-kashi: masauki, abinci da abin sha, Keke Napep da sauran sufurin cikin gari, tikiti, tsaraba. Mutum ba ya tuna abin da ya kashe a mako. Ka tambayi kuɗin na mutum nawa ne, domin magidanci zai faɗi abin da ya kashe wa kansa da 'ya'yansa 3, in ba ka raba ba ka ninka shi sau 4. Kuɗin motar da aka biya a Kano ko man da aka sha a Abuja ba su shigo Kaduna ba. Sannan a ina ya kwana? Wannan tambaya a garinmu ta fi ƙarfin yadda littattafan waje ke ɗaukarta, domin baƙi da yawa gidan ɗan'uwa ko aboki suke sauka. Ba su biya ɗaki ba, tuwon dare ma mai masauki ne ya ciyar da su daga aljihunsa.

Ga misali na koyon lissafi, ba alƙaluman wata gasa ba ne. A ce an ƙirga shiga 60,000 cikin kwana 10, kuma matsakaicin zuwan mutum kwana 3 ne. Mutane 20,000 ke nan. Kashi 70 mazauna birni ne, saura 6,000. A cire 1,000 da wata hidima ta kawo su, da 500 da suka matso da tafiya, saura 4,500. A cikinsu 2,000 'yan zuwa-da-komawa ne da suka zo sau 2 suna kashe naira 8,000, ya ba da miliyan 32. Wasu 1,500 sun sauka gidan dangi kwana 3 suna kashe 6,000, miliyan 27. Sauran 1,000 sun kama otal kwana 3 a kan 35,000 har da abinci, miliyan 105. Jimla miliyan 164. Wanda ya ɗauki 60,000 ya ninka da 35,000 kuwa zai sanar da biliyan 2.1. Fili ɗaya, jama'a ɗaya, amma bambancin ya fi ninki 12.

'Yan wasa, alƙalan wasa, masu horarwa da 'yan jarida ba sai an tsamo wasu daga cikinsu an tambaya ba, sunayensu na cikin rajistar katin shiga. Nemi akawun kowace tawaga. In masu shirya gasa ne suka ajiye su a ɗakunan kwanan ɗalibai suna ciyar da su, wannan kuɗin na cikin asusun masu shiryawa, kada a lissafa shi sau biyu. Alawus ɗinsu ma ka tambayi nawa suka kashe a gari, domin da yawa gida suke tafiya da shi, wani lokacin ma sai bayan an watse ake biya.

Asusun masu shiryawa da yoyon kuɗi

Kowane layi a asusun ka yi masa tambaya biyu: daga ina kuɗin ya fito, kuma ina ya tafi? Kuɗin Gwamnatin Tarayya, na hukumar wasa ta duniya, ko na kamfanin da ke Legas, sabon kuɗi ne in an kashe shi a Kaduna. Kuɗin gwamnatin jiha ba sabo ba ne, dama a jihar za a kashe shi, kan asibiti ko makaranta ko titi. Tikitin da mazauna gari suka saya, in hukumar da ke waje ta kwashe kasonta, wannan fita ce, a rubuta shi a ɓangaren ragi. Kwangila kuma kada adireshin kamfani ya ruɗe ka. Ofis na iya zama a titin Ahmadu Bello alhali kujeru, fitilu da rigunan duk daga waje aka yi odarsu. Abin da ya zauna shi ne ribar ɗan kwangila da ladan leburorin gida.

Haka abin yake a kan teburin ƙaramin ɗan kasuwa. Dubi mai shayin da ke bakin fili. Madarar gwangwani da ganyen shayi duk daga wajen jiha suka zo. Burodin an gasa shi a gari amma fulawar ba ta nan ba ce. Ƙwai da citta ne ake sa ran na gida ne, sai kuma guminsa da na yaronsa. Mai tsiren da ya sayo nama a mayankar gari, ya ɗauki yara biyu aiki, ya fi riƙe kuɗi a Kaduna fiye da gidan mai, inda kusan duk abin da aka biya ke wucewa. Don gano wannan, zaɓi masu sana'a 50 zuwa 80 ka tambaye su inda suke saro kaya.

Kada ka tambaye su ribarsu, ba za su faɗa ba, kuma suna da hujja. Ka tambayi kaya. Buhun fiya wata nawa ka sayar yau, nawa kake sayarwa ranar da ba wasa? Buhu ɗaya leda 20 ne. Kiret nawa na ƙwai, mai 30? Kilo nawa na nama, mudu nawa na shinkafa? Mai Keke kuma litar mai nawa ya sha da sawu nawa ya yi. Masu POS na kusa da fili suna da lissafin hada-hadar kowace rana a na'urarsu, kuma sukan yarda su faɗi yawan cirar da aka yi in ba a nemi sunan kowa ba.

Daga nan ake zuwa maganar ninki, wato yadda naira ɗaya ke zagayawa daga hannu zuwa hannu. Gaskiya ne tana zagayawa, amma kowane zagaye tana yoyo. Lissafin mai sauƙi ne: raba 1 da abin da ya rage bayan ka cire kason da ake sake kashewa a gida. In kashi 30 ne ke zama a kowane zagaye, 1 a raba da 0.7, ninkin 1.43 ne. Kafin ninki ya kai 3, sai kashi 67 ya riƙa zama a kowane zagaye, kafin ya kai 4 sai kashi 75. Garin da ke sayo mai, kayan gini da tufafi daga waje ba ya riƙe haka. Shawararmu ita ce a buga adadin kai-tsaye a gaba, in za a sa ninki a sa shi a layi daban tare da bayanin inda aka samo shi. Aron ninkin wata ƙasa ba bincike ba ne.

Waɗanda gasar ta kora

Gasa na kawo wasu, tana kuma hana wasu zuwa. A Landan, adadin baƙin ƙetare da suka shiga Birtaniya a watan Agustan 2012, lokacin gasar Olamfik, bai kai na Agustan 2011 ba, domin masu yawon buɗe ido na yau da kullum sun kauce wa cunkoso da tsada. Afirka ta Kudu ta fara shirin gasar cin kofin duniya ta 2010 da hasashen baƙi sama da 400,000, waɗanda suka zo dominta kimanin 309,000 ne.

A Kaduna ka duba otal ɗin da dama yakan cika kashi 60 a makon. In ya cika maƙil lokacin gasa, kashi 40 ne ƙarin, ba 100 ba. Ka tambayi manajoji taruka da bukukuwa nawa aka ɗage ko aka kai wani gari. In an rufe shataletalen Stadium ko wani sashe na titin Ahmadu Bello, masu shaguna a nan da na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi sun yi asarar ciniki ko ba su yi ba? Ka zagaya shaguna na kusa da na nesa, kafin gasa da lokacinta. 'Yan tebur da aka tasa don gyaran fuskar gari su ma a ƙirga su, da kwanakin da suka yi ba sana'a.

Abin da aka kashe

Rabin lissafi ne a faɗi abin da ya shigo a yi shiru kan abin da ya fita. Kuɗin gasa ba ya zama a ma'aikata ɗaya. Akwai na gini da gyara, na tsaro, na alawus ɗin ma'aikatan lafiya da na kula da hanya, na janareta da dizal, na kwashe shara, harajin da aka yafe, ruwan bashin da aka ci, da kwanakin karatun da ɗalibai suka rasa in an ba da ɗakunansu. Ka bi su ma'aikata-ma'aikata, ka yi aiki da abin da aka biya a zahiri, ba abin da aka rubuta a kasafi ba. Masu bincike a Jami'ar Oxford sun bi gasannin Olamfik tun daga 1960, suka tarar babu wadda ba ta zarce kasafinta ba, matsakaicin zarcewar kuma ya haura kashi 150 cikin ɗari. Birnin Montiriyal ya yi gasar 1976, bai gama biyan bashinta ba sai 2006. Los Anjalas kuwa ta tashi da rarar sama da dala miliyan 200 a 1984, babban dalili shi ne ta yi amfani da filayen da take da su. A 2023 jihar Biktoriya ta Ostireliya ta janye daga ɗaukar nauyin gasar ƙasashen renon Ingila ta 2026 da ta ga yadda kuɗin ke hawa.

Titi ko fitilar da dama za a yi, gasa ta gaggauta su kawai, kada a ɗora wa gasar duk kuɗinsu, kada kuma a ba ta duk ladansu.

Ayyukan yi a mayar da su kwanakin aiki. Mutum 2,000 da suka yi kwana 10 sun yi kwanakin aiki 20,000. Raba da 250, kimanin kwanakin aikin shekara, ka samu aiki 80. 'Yan sa-kai a layinsu daban. Haraji kuma a tuna cewa na kayan masarufi (VAT), kashi 7.5, asusun tarayya yake tafiya kafin a raba, don haka ba duka ne ke dawowa Kaduna ba.

Abin da ba naira ba

Za a kawo maka wani adadi wai darajar tallar da gari ya samu, an ƙirga mintocin talabijin an ninka da farashin talla. Ka ajiye shi gefe, babu wanda ya biya wannan kuɗin. Amma batun sunan gari ba wasa ba ne, musamman ga Kaduna, wadda labarin tsaro ya sa wasu ke ɗari-ɗarin zuwa. Ana iya auna shi. Tambayi baƙon da wannan ne zuwansa na farko yadda yake ɗaukar garin kafin ya zo da yadda ya same shi, a ma'aunin 1 zuwa 5. Waɗanda suka yarda su ba da lambar waya, a kira su bayan wata 6 a ji ko sun dawo. “Zan dawo in sha Allahu” a bakin ƙofa ladabi ne, kiran wata 6 ne shaida.

Mazauna gari a tambaye su a gidajensu, ba a fili ba, domin wanda ke fili dama mai son wasa ne. A yi sau uku: kafin gasa, makon da aka gama, da bayan shekara. A haɗa Kawo, Rigasa da Unguwar Rimi da Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha. A garin da kogi ya raba mazauni, tambaya mai amfani ita ce ko mutum ya tsallaka gada ya je unguwar da bai saba zuwa ba saboda gasar, ko ya zauna kallo da wanda ba addininsu ko yarensu ɗaya ba. Murna da alfahari abu ne na gaske, a rubuta su yadda suke, kashi nawa suka ce sun ji daɗi, ba sai an liƙa masu farashi ba. A kuma tambayi ɓacin rai: tsadar Keke, toshewar hanya, hayaniya.

Da'awar cewa gasa za ta sa yara rungumar wasanni sai an gwada ta da rajista: 'yan wasa nawa ke ƙungiyoyin unguwa da na makarantu kafin gasa, nawa bayan shekara, mata nawa a ciki. Lafiya da tsaro kuma a karɓi adadin waɗanda aka duba a rumfar agaji, waɗanda aka kai asibiti, da ƙararrakin da aka kai wa 'yan sanda. A rubuta har turmutsitsin da aka auna arziki, da ƙofar da ya faru da dalilinsa. A filin Olembe na Kamaru mutum 8 suka rasu a ƙofar shiga a Janairun 2022 lokacin gasar cin kofin Afirka. Shara a ƙirga ta da lodin mota, dizal da lita.

Rahoto, da komawa fili

Wanda ya shirya gasa kada ya zama shi ne mai auna ta, kuma kuɗin masu binciken kada ya rataya kan daɗin sakamako. Jami'ar Jihar Kaduna, Jami'ar Ahmadu Bello, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Hukumar Ƙididdiga ta Jiha duk suna da masu iya wannan aiki. A ware kuɗin binciken tun a kasafin gasar. A rahoton a ba da adadi uku, na ƙasa, na tsakiya da na sama, a lissafa duk zaton da aka gina su a kai, a liƙa takardar tambayoyin, a faɗi mutum nawa suka ƙi amsawa. A nuna wa ya samu, wa ya rasa, domin miliyan 100 da ta tsaya a otal 5 daban take da wadda ta bazu a hannun masu abinci 500.

Gine-gine kuwa ba a yanke masu hukunci a makon rufe gasa. Filin Manaus na Brazil wasa 4 aka buga a cikinsa a gasar cin kofin duniya ta 2014, aka bar gari da ɗawainiyar kula da shi. A gida, babban filin Surulere na Legas da ya karɓi gasar wasannin Afirka ta 1973 ya yi shekaru a lalace, na Abuja da aka gina don ta 2003 shi ma sai da ciyawarsa ta mutu aka sake shimfiɗa wata. Don haka a sa ranar komawa a cikin yarjejeniyar binciken: bayan shekara 1, 3 da 5. A kowace komawa a buɗe littafin mai kula da fili a ga kwana nawa aka yi amfani da shi a shekara, nawa na wasa ne nawa na taron siyasa, wa'azi ko biki, nawa aka samu na haya, nawa aka kashe kan ciyawa, ruwa, wuta da albashi, kuma wane layi ne a kasafin jiha ke biyan giɓin. Sannan a zagaya da ƙafa da jerin kayan da aka saya lokacin gasa a hannu: a kunna fitilu, a buɗe famfunan banɗaki, a duba ko wurin ninkaya na da ruwa, a ƙirga tabarmin dambe da na'urorin auna gudu da suka rage a sito, a rubuta lambar kowanne da halin da yake ciki.